Sukurun Tabarau

Ni ke kula da ginin nan, lamba sha tara,
a titin da ya gangara zuwa kogi a birnin Porto.
Matakala saba'in da biyu, babu na'urar hawa.
Da gwiwata na ƙirga su, shekara ashirin.

Ranar Talata Valdemar mai kai saƙo ya shigo,
ban ga fuskarsa ba, sai ƙafafu biyu a ƙarƙashin kwali.
Na ce, "Firji ne?" Ya ce, "Ɗaga ka ji."
Na ɗaga da hannu guda.
Hular kaina ta fi shi nauyi.

Na Dona Graciete ne, a hawa na huɗu.
Shekararta tamanin da ɗaya,
tabaraunta ya rasa ƙafa ɗaya tun farkon bazara.
Jikanta Telmo, da ke aikin gini a Luxembourg,
ya latsa waya daga can ya ce, "Kaka, yana tafe."

Ƙofarta ta ƙi shi, sai da muka karkata shi.
Ta kawo wuƙar yankan kifi, muka tsaga masa ciki.
Takarda ta fito a murɗe, ta fi tsawon ɗakin.
Sai 'yan jakunkunan leda, kowace an ɗure ta da iska,
jere kamar hanjin rago.
A ƙasansu wani kwalin.
A cikinsa soso.
A cikin soson ambulan.
Ta ce, "Amílcar, ko dai yaron nan wasa yake da ni?"

Muka zazzage ambulan a tafin hannunta.
Sukuru ɗaya, ƙwayar shinkafa ta girme shi.
Wannan ne baƙon da aka ɗauko da babbar mota,
aka tsallaka masa iyakar ƙasa biyu,
aka sare masa itace, aka dama, aka shanya,
aka gina masa gidan da iyalin kyanwa za su wala.

Ta kai shi kusa da ido don ta gani,
ga ido babu tabarau.
Hannu ya yi rawa.
Ba mu ji ko ƙarar faɗuwarsa ba.

Na durƙusa da wannan gwiwar tawa,
na warware takarda kamu bayan kamu,
na lalube soso, na ɗaga kafet, na leƙa ƙarƙashin murhu.
Allura ce a ruwa, kuma ba mu ne masu rabon ba.
Ita kuwa ta zauna tana fasa jakunkunan da farce,
tas, tas, tas.
Ta ce, "Shaƙa ka ji, iskar wata ƙasa ce.
Ban taɓa fita waje ba, ga shi waje ya zo mini."

Da yamma na take kwalin ya kwanta,
na sauko da shi matakala saba'in da biyu.
Kwandon takardu ya riga ya cika har wuya
da na hawa na biyu, wadda ta sayi jan baki,
da na ɗalibin da ya sayi batir.
Na jingina shi a bango, ruwan sama ya zo ya jiƙa shi,
sunanta ya narke yana bin kwalta.

Ta cire zare daga tsohon siket
ta ɗaure ƙafar tabarau, ƙulli uku.
Ya zauna daram a hancinta.

Amma ta riga ta faɗa wa Telmo a waya.
Yaron kirki ne, ba ya son kakarsa ta rasa.
Yau Juma'a, ina share bakin ƙofa,
na hango ƙafafu biyu suna hawo tudun
a ƙarƙashin wani kwalin
da ya ɗan fi na farko.